Inna da Mai Baro

Ina aji huɗu na firamare mahaifiyata ta ƙwace mana akwatin gem, na wasan da ake haɗawa da talabijin. Laifinmu shi ne mun bar famfo a buɗe har ruwa ya shigo falo, mu kuwa muna zaune gaban talabijin, ƙafafunmu tsundum a ruwa, ba mu ma sani ba. Ta zare wayoyin, ta naɗe su, ta ce horo ne na mako guda. Yau furfura ta cinye rabin kaina, sanƙo ya cinye ɗaya rabin, ina da ɗa mai gemu, amma makon nan bai ƙare ba.

Inna muke ce mata. Ni kuma Auta take ce mini, ko a gaban surukaina ne. Aikin da ta yi har ta yi ritaya shi ne buga tafireta a wani ofishi, kuma ta ƙware ƙwarewar da ba ta kallon takarda, ba ta kallon haruffa. Idonta yana taga tana kallon wanda ya makara, bakinta yana ba abokiyar aikinta labari, yatsunta suna ta zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Da ƙararrawar ƙarshen layi ta yi ƙara, sai ta kai wa tafiretar mari, ta koma sabon layi. Matsalar ita ce yatsun ba su san an tashi aiki ba. A gida sai su ci gaba, a kan tebur, a kan murfin tukunya, a kan kawunanmu. Nawa ta fi so, wai ya fi amo.

Akwatin kuwa Baba ne, Allah ya jiƙansa, ya sayo mana shi na hannu. Toka-toka ne, da kaset guda ɗaya tal wanda takardar jikinsa ta ɓare, don haka babu wanda ya san sunan wasan na gaskiya. Wani ɗan mutum ne yake tura baro a kan titin da ba ya ƙarewa. Ya tsallake rami, ya duƙa ƙarƙashin katako, wani lokaci akuya ta gitta, kiɗa kuma yana ta yi. Ɗaya ya buga har ya faɗa rami, ɗayan ya karɓa, wanda ya fi maki shi ya ci. Muka sa masa suna Mai Baro.

Ba a jima da ƙwacewar ba, wata rana da yamma muka ji kiɗan Mai Baro yana fitowa daga ɗakin Inna. Yayata, wadda tun tana ƙarama muke kira Hukuma saboda ba ta iya roƙon gishiri sai da umarni, ta leƙa ta dawo ta ce Inna ta ce gwada shi take yi, ta ga ko ruwa ya shige shi. Gwajin nan shi aka yi ta yi har muka gama makaranta, muka yi aure, muka bar gidan. Kullum da yamma sai ta hura kaset ɗin, ta danna shi, ta kai wa akwatin mari irin na tafireta, ta zauna. Kawunanmu suka huta.

Abokin karawarta ɗaya ne a duniya, ƙanenta, wato Kawu. Tsohon mai koyar da tuƙi ne, ya haura saba'in, amma har gobe "yaron nan" take ce masa. Duk ƙarshen mako yana zuwa da sandarsa, ya hau benen yana haki, ya sha shayi, ya sha kashi, ya tafi. Bai taɓa cin ta ba ko sau ɗaya. A cewarsa dokar hanya ce take cutarsa, don ba zai iya ganin akuya ya ƙi rage gudu ba.

Benen nan shi ne tushen rigima. Inna tana zaune ita kaɗai a hawa na sama, matakalar kuma a miƙe take kamar tsani. Hukuma, wadda yanzu ita ce shugabar ma'aikatan jinya a wani asibiti, ta daɗe tana cewa Inna ta koma gidanta. Har ɗaki ta gyara mata, da ƙarfen dafawa a bango. Gida ne mai tsabta da kwanciyar hankali, ba gishiri, ba sukari, ba surutu bayan cin abinci, ko kyankyaso in zai wuce sai ya cire takalmi. Inna ta je ta gani, ta yaba, ta dawo ta ce mini gara a kai ta gidan yari, can aƙalla ana hira.

Da matsin ya yi yawa, sai ta tara mu ta yanke magana.

"Ranar da yaron nan ya ci ni a Mai Baro," ta ce, tana nuna Kawu da cokali, "ranar na tsufa. Ku zo da mota, ba zan ce uffan ba. Kafin nan kuma kada wanda ya sake yi mini zancen bene."

Hukuma ta amince. Washegari ta kai Kawu aka canza masa tabarau, ta fara aika masa da ƙwayoyin ƙarin kuzari. Bai hana shi shan kashi ba, sai dai yanzu yana ganin kashin da kyau.

Haka ake tafiya har ranar da Inna ta hura kaset, ta kai mari, akwatin ya yi wani ɗan tari, ya saki hayaƙi mai warin ƙonannen gashi, ya yi shiru. Ta ƙara mari. Ta yi masa magana mai daɗi. Ta yi masa maras daɗi. Ko motsi.

Hukuma ba ta ɓoye murnarta ba sosai. Ta ce alkawari a kan wasa aka yi shi, in babu wasa to babu alkawari. Amma don kada a ce ta yi zalunci, ta ba da wa'adi zuwa ƙarshen wata: ko a buga, ko a kwashe kaya. Inna ta naɗe akwatin a tsohon zane, ta miƙo mini.

"Auta, ka san yadda za ka yi da shi. Ai naka ne."

Shekara da shekaru ina jiran wannan kalmar, sai da ya zama gawa aka tuna nawa ne.

Na kai shi wurin Injiniya, abokina tun na makaranta, mai gyaran waya da kwamfuta. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani gini yake, in ka shiga sai ka zaɓi tsakanin miƙe wuya da rufe ƙofa. Wayoyi a farke ko'ina kamar mahauta, fanka ba murfi, shi kuma da gilashin ƙara girma ɗaure a goshi, ko abinci zai ci ba ya cire shi. Ya kwance akwatin. A ciki muka samu fil ɗin gashi, da busasshiyar tsaka, da wani maɓallin riga da na tabbata nawa ne. Ya sansana allon, ya girgiza kai.

"Ƙwaƙwalwarsa ta soye. Kuma an daina yin irinta tun kafin mu fara aski da kanmu."

"To shi ke nan, Inna ta tafi gidan da ba gishiri?"

"Wa ya ce? Kaset ɗin lafiyarsa ƙalau. Zan kwafo wasan daga ciki, mu sa shi a emuleta."

Ya ga na yi masa kallon da nake yi wa likita, sai ya sassauto. Ya ɗauko wata 'yar kwamfuta da ba ta fi sabulun wanka girma ba. Emuleta, in ji shi, manhaja ce da take sa sabuwar na'ura ta kwaikwayi tsohuwa, ta yi wa wasan ƙarya cewa har yanzu yana cikin akwatinsa na da. Na ce ai wannan abu ne mai sauƙi, tunda sabuwar ta fi ƙarfi.

"Ƙarfin ne matsalar," ya ce. "Ka taɓa sa saurayi ya kwaikwayi tafiyar kakansa? Zai yi ɗingishin, zai riƙe ƙugu, amma da ka kau da kai sai ya tsallake kwata."

Gaskiyarsa. Ranar gwajin farko, tsohon talabijin ɗin Inna mai ƙaton ƙeya ba shi da ramin da wayar kwamfutar za ta shiga. Hukuma, don ta nuna ba ta tsoron gaskiya, ta aiko da wani shafaffen talabijin mai faɗin ƙofa, da doguwar lasifika wadda ba ta buƙatar waya. Muka haɗa, muka kunna. Mai Baro ya fito kamar an harbo shi daga bindiga, kiɗan yana tsuwa kamar an taka ɓera. Kafin Inna ta gyara zama ya faɗa rami.

"Wannan mai baro ne," ta ce, "ko ɓarawon baro?"

Injiniya ya shiga saituna ya koya wa kwamfutar lalaci, gudun ya dawo daidai. Sai Kawu, wanda ya naɗa kansa mai sa ido, ya ce mutumin ya yi ƙiba. Da gaske kuwa, faɗin talabijin ya ja shi gefe da gefe, ya koma kamar ɗan kwangila, tayar baron ta zama ƙwai. Aka matse hoton, aka bar baƙi a dama da hagu. Kawu ya ce yanzu kuma mutumin duk kusurwa ne, kamar da bulo aka gina shi, alhali na da jikinsa sumul yake. Injiniya ya yi bayani cewa tsohon talabijin ne yake shafe kusurwoyin da dishi-dishinsa, sabon kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Don haka ya ƙara wani saiti da ke zana layuka-layuka yana dusashe hoton. Na tsaya ina kallon ikon Allah: talabijin na zamani, muna lallashinsa ya yi ciwon ido.

Hannun gem ɗin ma sai da aka yi rigima. Sabon maras waya ne, Inna ta juya shi ta ce santsi gare shi kamar kifi, maɓallansa kuma ba sa mayar da gaisuwa. Injiniya ya kwana biyu yana liƙa tsohon hannun da dalma har ya yi aiki da kwamfutar. Ko kunnawa ba ta yarda a yi mata kai tsaye ba. Sai ta hura kaset, ta danna shi cikin mataccen akwatin, ta kai mari, sannan ni kuma in danna maɓallin kwamfuta daga bayan labule kamar mai aikin asiri.

An yi duk wannan, Kawu ya rantse hoto ya koma sak na da, amma Inna ba ta wuce ramukan farko. Matar da take kai Mai Baro har inda titi ke canza launi, yanzu sai ta yi tsalle bayan ta riga ta faɗa. Kawu kuwa sai ƙara gaba yake yi. Ya fara karkata hula, yana hawa benen yana fito. Hukuma ta aiko a auna tsawon gadon Inna. Inna ta rage cin abinci, yatsunta suka dawo kan tebur, wata rana ma na sunkuya ɗaukar cokali na ji sun sauka a kan sanƙona.

Ana saura 'yan kwanaki, da rana tsaka, Injiniya yana taɓe-taɓensa ya danna wani abu da ya mayar da allon gaba ɗaya shuɗi, Mai Baro da rami da akuya duk suka narke cikin juna. Kafin ya gyara aka kira shi a waya, ya fita baranda yana rantse wa wani cewa gobe-gobe zai gama masa aiki. Ina jira Inna ta yi tsiya a kan launin, sai na ga ta ɗauki hannun gem ta fara bugawa. Ta faɗa rami. Ta yi tsaki.

"Makaɗin nan makararre ne. Sai an gama taka rawa gangarsa take isowa."

Ba ta ce komai a kan shuɗin ba. Wani abu ya ɗarsu a raina. Na tashi a hankali na tsaya a gaban talabijin. Ni ba siriri ba ne, in na tsaya gaban abu, abin ya tafi hutu. Inna ta sake farawa, fuskarta tana kallon tumbina, yatsunta suna aiki.

"Auta, rage numfashin nan, kana hana ni jin kiɗa."

"Inna, a gaban talabijin fa nake."

Yatsun suka tsaya. Mai Baro ya faɗa rami a bayana.

"Rufe ƙofar barandar nan," ta ce, "ka zo ka zauna."

Ashe idonta ya daɗe da yin yana, farin nan da ke rufe gani. A hankali abin ya zo, har ya kai mutane take gani kamar buhuna masu tafiya. Ni da jan takalmi take gane ni, Hukuma da warin maganin asibiti, Kawu da haki. Gidan kuwa ta san shi kamar haruffan tafireta, ba ta buƙatar kallo. Mai Baro ma haka. Ramukan ba sa canza wuri, kowane rami da bugun gangarsa, kowane katako da busarsa, akuyar ma tana da nata sautin. Tun kafin idon ya lalace ta daina kallon allon, da ya lalace ma ba ta lura da wuri ba. Mu kuwa mun yi makonni muna yi wa hoto kwalliya, muna rage wa mutum ƙiba, alhali mai wasan da kunne take bugawa.

"Inna, ai wannan aikin asibiti ne. Kankarewa kawai ake yi."

"Asibitin wa? In yayarka ta ji ba na gani, ko takalmi ba za ta bari in sa ba, a kafaɗa za ta sauke ni daga benen nan." Ta laluba ta kamo kunnena, ba ta yi kuskure ba. "Ka saurare ni. In maganar nan ta fita daga bakinka, zan tashi daga gidan nan, amma ba gidanta zan koma ba. Gidanka zan koma. Ɗakin da ke jikin naku."

Na rantse mata da duk abin da na sani.

Da Injiniya ya dawo, na ce masa kawai Inna tana ganin kiɗan yana makara. Ya ce ba zai yiwu ba. Ya sa kunne, ya kalli allo, ya sake sa kunne, sannan ya ɗaga gilashin goshinsa, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce a tsohon akwati, kiɗa da ƙafar Mai Baro uwa ɗaya uba ɗaya suke, tare suke fita. A nan kuwa sautin layi yake bi kamar mai neman takardar izini. Kwamfuta ta ƙirƙiro shi, ta tara shi a ma'aji don kada ya yanke, ta miƙa wa talabijin, talabijin ya yi masa gyaran murya, sannan ya aika shi ta iska zuwa lasifika. Kowane ofishi ya riƙe shi ɗan ƙiftawar ido. Kafin ya iso kunne, rami ya riga ya ci mutum.

Muka sallami doguwar lasifikar. Muka sauko da tsohon rediyon Baba daga kan kabad, Injiniya ya ja waya daga kwamfuta kai tsaye zuwa cikinsa, ba ruwan talabijin da sauti. Ya rage ma'ajin, kiɗan ya fara ƙara kamar ana suya. Ya ƙara kaɗan, ya makara. Inna ta zauna ido rufe kamar alƙali tana ba da umarni.

"Gaba kaɗan. Ka wuce. Dawo. Gangar ta yi tsabta da yawa, tawa tana da mura."

Murar nan ta ba mu wahala. Ashe tsohon akwatin yana da wata 'yar shaƙewa a sautinsa, wannan emuletar kuma ta ɗauka kuskure ne ta share. Sai da Injiniya ya nemo wata emuletar, mai kwaikwayon har da kurakurai. Ita kuma nauyi gare ta, 'yar kwamfutar takan yi zafi kamar dutsen guga, in ta yi zafi sai wasan ya fara in'ina. Fankar da za a sa mata ba za ta iso da wuri ba. Aka duba ɗakin a ga wanda ba shi da aikin yi, aka miƙo mini murfin tukunya. Ni ne mai fifita.

Duk da haka Injiniya ya ce akwai ɗan jinkirin da ba zai iya cirewa ba, ko da zai kwana a kai. Inna ta ce ya bar mata wannan. Ta yi aiki da shugaban da yake fara magana kafin ya fara tunani, kuma ba ta taɓa ɓata masa takarda ba.

Ranar karawa Hukuma ta iso da kwalaye a ninke da salatif, ta jingina su a bakin ƙofa inda kowa zai gani, ko kuma inda take zaton kowa zai gani. Kawu ya zo da sabuwar riga. Injiniya ya tsaya a lungu, ni na tsuguna gefen kwamfuta da murfina. Inna ta hura kaset, ta kai mari, na danna.

Kawu ne ya fara, kuma wallahi bai taɓa bugawa irin na ranar ba. Ya manta da dokar hanya. Ya tsallake akuya ko sannu bai ce mata ba. Ya wuce inda ya saba mutuwa, ya wuce gaba da nan, har ya kai wata gada da bai taɓa gani ba sai a hannun Inna. A nan mamaki ya kama shi, ya tsaya kallon gada, ya faɗa ruwa. Amma makin da ya tara ya isa a ji tsoro. Hukuma ta fara neman bakin salatif da farce.

Inna ta karɓa. Ta gyara zama, ta karkata kai wajen rediyo. Ramin farko, ta wuce. Na biyu, ta wuce. Yatsun nan suka dawo irin na ofis, har leɓenta yana motsi tare da ganga. Makinta yana hawa, fuskar Kawu tana sauka. Ina fifita, gumi yana shiga mini ido, sai na hango sandar Kawu tana tafiya a ƙasa ita kaɗai kamar maciji. Ta lallaɓa ta bayan tebur, ta saƙalo wayar da ke kai hoto talabijin. Kawu yana kallon silin kamar mai lissafin kwanakin duniya. Ya fizga.

Allon ya yi baƙi ƙirin.

"Kai, wuta!" in ji Kawu, alhali fanka tana juyawa a kansa.

Amma rediyon Baba bai san an yi ba, don wayarsa daban take. Kiɗa ya ci gaba, Inna ma ta ci gaba. Tana fuskantar baƙin allo, tana tsallake ramukan da babu mai ganinsu, tana duƙawa da kafaɗa in katako ya zo. Muka ji sautin akuya, muka ji ta wuce. Muka ji ƙarar katakon gada. Salatif ya faɗi daga hannun Hukuma ya gangara ƙarƙashin kujera. Ni dai fifita nake yi, don ban san me zan yi da fuskata ba. Can sai rediyon ya saki busar nan da yake yi in an wuce makin abokin karawa. Inna ta ƙara 'yan ramuka don gishiri, sannan ta ajiye hannun gem a cinya.

"Ka gani, yaro?"

Kawu ya jawo sandarsa kusa da ƙafarsa.

"Ban gani ba, Yaya. Babu wanda ya gani. Talabijin ɗin a kashe yake."

Injiniya ya mayar da wayar, hoto ya dawo, ga maki nan ɓaro-ɓaro, na Inna a sama. Amma ba allon Hukuma take kallo ba. Ta zo ta durƙusa gaban Inna, ta ɗaga hannu.

"Inna, yatsu nawa na ɗaga?"

"Da wanne hannun?"

"Inna!"

"To ke da kika yi karatun, ba ki san yawan yatsunki ba sai kin tambaye ni?"

Hukuma ta buɗe mata ido da babban yatsa, ta duba, ta miƙe. Ta fara magana, rabi faɗa rabi kuka. Ta ce shekara nawa ana hawa wannan benen a makance, ta ce yau-yau za a kwashe kaya, sannan ta juyo kaina ta ce, "Kai kuma ka sani?" Na ƙara wa kwamfuta iska.

"Ke, saurara," in ji Inna. "Me na ce ranar da na tara ku? Na ce ranar da na daina gani, ko na ce ranar da yaron nan ya ci ni?"

Kawu ne ya amsa, yana kallon sandarsa kamar yau ya fara ganinta.

"Ci ta ce. Ni shaida ne. Kuma ban ci ba. Da tabarau sabo, da ƙwayoyi, da sanda, ban ci ba."

"Sandar me?" in ji Inna.

"A'a, Yaya, zancen tsufa nake yi."

Aka yi ta ja har shayi ya huce. A ƙarshe Hukuma ta yarda alkawari alkawari ne, Inna tana nan a benenta. Inna kuma ta yarda a kai ta a kankare idon, bisa sharaɗin daga asibiti gidanta za a wuce da ita, ko tsayawa gaisuwa ba za a yi a gidan da ba gishiri ba.

Aikin ya yi kyau. Ranar da aka cire bandeji, ni ta fara gani. Ta daɗe tana kallona.

"Auta, ina ka kai gashinka?"

Da muka dawo gida ta ga ƙurar da ke kan kabad, ta ga labulen da Hukuma ta canza mata ba da saninta ba, ta ga rigar Kawu ta ce ashe gara da. Sannan ta zauna gaban Mai Baro da sababbin idanu, ta hura, ta mara, na danna. Rami na uku ta faɗa. Ta sake, ta kuma faɗawa. Wai hoton yana raba mata hankali, ido yana cewa yanzu, kunne yana cewa tukuna. Kawu ya fara gyara hula.

Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da tsohon mayafin da take rufe tafireta da shi. Har yau haka ake yi duk ƙarshen mako: Kawu ya buga nasa ido buɗe, in layi ya zo kanta a lulluɓe talabijin, ta karkata kai wajen rediyo ta yi masa dukan da ta saba. Ya kai ƙara wurin Hukuma cewa wannan maguɗi ne, Hukuma ta ce ya kawo sandarsa a yi shari'ar gaba ɗaya, bai sake tayar da zancen ba. Kwalayen suna nan a bayan ƙofa, Inna tana ɗora takalma a kai. Fankar kwamfuta ta iso tuni, amma Inna ta ce ƙararta tana shiga kiɗa, don haka har yanzu ni ne da murfin tukunya.

Kwanan baya na ga tana cikin nishaɗi, sai na gwada sa'ata. Na ce tunda tsohon akwatin ya mutu, kuma ita da bakinta ta ce nawa ne, ta ba ni gawar in ajiye a gidana don tarihi. Ta kalle ni sama da ƙasa, yanzu da take da abin kallon.

"Wa ya bar famfo a buɗe?"

"Inna, wannan ai tun..."

"Mako bai cika ba. Ɗauki murfinka, yaron nan yana hawowa, ina jin hakinsa."